Ruwa ya dame, sitiraifa ya daina ci: kala za a canza ko salo?

Nura (Bronx):
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga manyanmu masu fita kamun sitiraifa ce, wato kifin nan na Amurka mai zane-zane a jiki da ake kira striped bass. Tun ruwan saman da aka tafka farkon mako, bakin ruwan da nake zuwa wajen City Island, nan birnin Niyok (New York), ya dame, ya koma ruwan ƙasa. Kifin robar da nake kamu da shi kwanakin baya, SP Minnow mai farin ciki da shuɗin baya, yanzu ko shinshinawa ba sa yi. Mai shagon kayan fatsa ya ce in sayi mai kalar nan ta tsanwa da rawaya mai ɗaukar ido, wadda suke kira shatrus. Kafin in zuba kuɗina, da gaske kala ce matsalar, ko kifin ne ya bar wurin?

Alhaji Tanko (Bronx):
Wa alaikumus salam. Mai shago kuwa ai dole ya ce kala ce, tunda kala yake sayarwa.

Baba Yawuri (Baltimore):
Nura, kafin a ba ka amsa sai ka gaya mana irin damewar. Gobe in ka je, ɗaura farin bokteil, ƙugiyar nan mai kan dalma da gashi, ka sake shi a hankali gefen dutse kana kallo, ka lura da inda ya ɓace maka. In bai kai tsawon kamu ɗaya ba ya ɓace, wannan ruwa ne da kifi ba ya farauta da ido a cikinsa. In kana hango shi har ƙafa biyu ko uku, to ruwan ya ɗan rine ne kawai, kuma wannan shi ne ruwan da na fi so a duniya, domin kifi yana ganin abin da ka jefa amma ba ya ganinsa sosai har ya gane ƙarya ce. In kuwa kana ganin duwatsun ƙasa da kaguwa na tafiya, wannan wani karatu ne daban. Ban taɓa buɗe jakar kayana ba sai na yi wannan gwajin.

Nura (Bronx):
Baba, jiya ko takalmina ba na gani, ruwa iya ƙauri.

Baba Yawuri (Baltimore):
To ka ga. Wanda ba ya ganin takalminsa yake tambayar shuɗi ko kore.

Injiniya Bashir (Newark):
Baba ya gama magana, bari in ɗan ƙara dalili. Nura, in ka sake kama ɗaya ka duba gefensa. Cikin zanen nan bakwai ko takwas da ke jikinsa akwai layi guda da ke tafiya daga bayan kai har wutsiya, mai ƙananan ƙofofi. Da shi yake jin motsin ruwa. Ƙaramin kifi ya kaɗa wutsiya kusa da shi, zai san inda yake ko da ido bai gani ba. Ga kunne a cikin kai, ga hanci. Saboda haka a damammen ruwa tambayar ba "wace kala" ba ce, tambayar ita ce me zan jefa da zai tura ruwa har kifin ya ji.

SP Minnow siriri ne, rawarsa ƙanana ce, aikinsa ya yi kama da ɗan kifi na gaske a idon mai kallo. Yanzu babu mai kallo. Ka nemi robar nan mai faffaɗar wutsiya, inci biyar ko shida, wadda in kana naɗe zare za ka ji tana buga maka a sanda, dum-dum-dum. Ko filogi, wato kifin ƙarya na katako, mai leɓen ƙarfe da ke rangaji hagu da dama. Ko mai duwatsu a ciki irin Rat-L-Trap. Sannan ka rage gudu sosai. Kifin sai ya ji, ya juyo, ya bi, ya laluba, sannan ya kai bara. In ka fizge abin da sauri, kafin ya iso ka wuce.

Nura (Bronx):
Wato kada in sayi shatrus ɗin ke nan?

Injiniya Bashir (Newark):
Saya, amma ka saya a jikin abin da ke motsi. Kala tana da aikinta a taku na ƙarshe, lokacin da kifin ya zo dab yana neman inda zai kafa baki. Ruwan teku mai tsabta ja yake fara haɗiyewa, shuɗi ya fi nisa. Ruwan gaɓa irin namu mai laka da gansakuka kuwa shuɗin yake kashewa, kore da rawaya su fi ratsawa. Shi ya sa mutanen Chesapeake, babban mashigin tekun nan na Maryland da Virginia, suka rantse da shatrus, ba camfi ba ne kawai. Fari ma yana yi.

Alhaji Tanko (Bronx):
Ku dai 'yan boko kuna son wahalar da yaro. Nura, ɗana, saurara. In ruwa ya zama kamar koko, ajiye roba. Je ka sami bonka sabo, kifin nan mai maiƙo da sitiraifa ke ci, wanda idonsa bai faɗa ba, jikinsa da tauri, ba wanda ya kwana uku a ƙanƙara ba. Yanka shi gunduwa-gunduwa, kan shi ne na manya. Sa dalma daidai ƙarfin ruwan, jefa, kafa sanda, zauna ka ci gyaɗarka. Man da ke fita daga naman bonka shi zai tafi ya kira maka kifin. Kowane minti goma sha biyar zuwa ashirin ka canza yanka, domin ruwa yana wanke warin. A Raritan Bay farkon bazara, lokacin da ruwan ke baƙi da taɓo, me mutane ke kamu da shi? Tsutsar jini da naman kilam, ɗan halittar ruwan nan mai kumba biyu, daga baya bonka. Ba su san shatrus ba ne?

Injiniya Bashir (Newark):
Ranka ya daɗe ba wanda ya musa. Sai dai ka gaya masa sharaɗin ƙugiya.

Alhaji Tanko (Bronx):
Gaskiya ne. Tun 2021 in da nama kake kamun sitiraifa, dole ƙugiyar ta zama mai lanƙwasa kamar zobe, wadda bakinta ya juyo ciki. Kuma da ita ba a fizga. Ka ji ya ɗauka, bar shi ya tafi da shi, ka fara naɗewa kawai, ita da kanta za ta zame ta kama gefen baki. Masu fizga su ke zare ta daga bakin kifi su dawo suna zagin ƙugiya.

Sadik (Providence):
Ina ta karanta ku ina murmushi. Ku da ke kuka da laka, Allah ya ba ku sauƙi ba ku sani ba. Ku zo Cape Cod a watan Yuni, ku shiga rairayin Monomoy da rana tsaka, ruwa iya gwiwa, garau, kana ƙirga ƙwayar yashi. Za ka hango su suna tahowa uku-uku, huɗu-huɗu, inuwarsu a ƙasa ta fi jikinsu fitowa. Ka jefa abin da Injiniya ya lissafa, mai kwaramniya da buga ruwa, wallahi kafin ya gama faɗuwa sun watse. Wani zai biyo robar har gabanka, hancinsa kusan yana taɓa wutsiyarta, ya dube ta, ya juya a hankali ya tafi abinsa. Wannan juyawar ta fi zagi ciwo.

Baba Yawuri (Baltimore):
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Sadik (Providence):
Shi ke nan Baba! A can komai sai ka juya shi. Abin da suke ci a rairayin nan siraran kifin yashi ne da ƙananan kaguwa da jatan lande, don haka siririyar roba nake sawa, inci huɗu zuwa shida, irin Slug-Go, mai koren baya kamar ganyen zaitun da farin ciki, ko kalar yashi. Dalma kaɗan ko babu, don kada ta faɗa da ƙara. Ba a jefawa a kan kifi. Ka duba inda ya dosa ka jefa can gabansa, ka bar shi ya iske ta, sannan ka motsa ta kamar mai gudun tsira, tana nesa da shi. Ɗan kifi ba ya nufo bakin babba, in robarka ta nufo shi ya san da magana. Rana kuma ta kasance a bayanka don ka gani, amma ka kula inuwarka kada ta faɗa musu. Tufafi ma ba na sa fari ƙal.

Zaren baki kuma, wato wanda ke tsakanin babban zare da roba, fuloro nake sawa, zaren nan garau mai wuyar gani a ruwa, mai ɗaukar laba 15 zuwa 20, tsawonsa ya kai ƙafa biyar ko shida. Ba maƙalli, ba ƙarfe, ƙulli kawai.

Injiniya Bashir (Newark):
A nan zan ɗan ja da kai, Sadik. Ana tallar fuloro kamar ba a ganinsa sam a ruwa. Abin da ke akwai shi ne yadda yake karya haske ya fi kusa da na ruwa fiye da nailan, amma ba daidai suke ba. Ni a ganina abin da ke ba ka kifi shi ne saukowa daga laba 40 zuwa 20. Siririn zare yana barin roba ta yi rawarta yadda ya kamata. Da ka sa nailan mai laba 20 da ka kama su haka nan.

Sadik (Providence):
Yaya Bashir, ka zo mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, kai da nailan ni da fuloro, wanda ya sha kaye ya sayi man mota.

Injiniya Bashir (Newark):
Na yarda, amma mu riƙa musayar sanda duk bayan rabin awa, don kada a ce hannu ne.

Baba Yawuri (Baltimore):
Ku yi gardamarku, amma kada Nura ya ji laba 15 ya tafi da shi cikin duwatsun City Island. Inda akwai dutse da kumbar kawa da ƙafar gada, 30 zuwa 40 zai sa, musamman yanzu da ruwa ya rufe masa asiri. Damammen ruwa kyauta yake ba ka: ka sa zare mai kauri, ka matso kusa, ka yi tari ma ba komai.

Maman Iman (Atlanta):
Sallama gare ku iyayena da yayyena. Mu namu na tafki ne, ba gishiri, amma kifin ɗaya ne. Ni da Baban Iman Lake Lanier muke zuwa, arewa da Atlanta. Ƙasan tafkin wajen madatsa ruwan garau yake, kuma abin da na lura shi ne tsabtar ruwa ba roba kawai take canzawa ba, har zurfin da kifin zai zauna. Da zafi suna can ƙasa, ƙafa talatin, arba'in, har fiye, suna bin garken ƙananan kifin herin mai shuɗin baya. Sai dai ka gan su a allon na'ura, ka saukar musu da herin mai rai a tsaye, da siririn fuloro, laba 10 ko 12. In ka sa mai kauri za ka ga layinsu a allo sun taso sun duba sun koma.

Amma in aka yi ruwa mai yawa, rassan sama inda Chattahoochee da Chestatee ke shigowa sai su yi jawur da jar ƙasar Jojiya. Ba ma shiga cikin jan, ba ma kuma gudunsa. Akwai inda jan ruwa da fari ke haɗuwa, layi ne sosai kamar an ja da alli, har jirgi zai iya tsayawa rabi nan rabi can. A kan wannan layin muke bi. Ƙananan kifi suna fakewa cikin jan, manyan suna sintiri ta gefen mai tsabta.

Baba Yawuri (Baltimore):
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi abin da nake shirin faɗa. Nura, ka ji wannan da kyau, ya fi duk maganar kala. Ba duka ruwan ne ke damewa lokaci ɗaya ba. Nemi bakin.

Mu nan, kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake daga kogin Susquehanna yake. In aka yi ruwa a Pennsylvania aka buɗe ƙofofin madatsar Conowingo, saman mashigin gaba ɗaya sai ya koma ja, da itatuwa da tarkace. Waɗanda suke nan a 2011 bayan guguwar Lee sun ga abin da ya fi haka, har daga sama hotuna suka nuna lakar ta gangara nesa. To a irin wannan lokaci wanda ya tsaya a Susquehanna Flats yana canza kala yini zai yi. Mai hankali gangarawa yake kudu, ko ya shiga bakin wani ƙaramin kogi da bai ɗauko laka ba, har ya sami inda ruwan ya fara komawa kore.

Wannan ba a Amurka na koye shi ba. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a Yawuri. Na damina fari ne da laka, na ruwan da aka yi kusa. Sannan da sanyi wani ya iso daga can sama, wanda ya ratso fadamun Mali ya sauke lakarsa a hanya, shi kuwa baƙi ne, tatacce. Iyayenmu ba sa yi wa waɗannan biyun su iri ɗaya. Mai neman giwan ruwa ya san lokacin da zai dogara da ɗan kifi mai rai yana motsi a ƙugiya, ya san lokacin da zai nisanta jirgi ya yi shiru.

Nura (Bronx):
Baba, ni da ba ni da jirgi fa? A ƙafa nake.

Injiniya Bashir (Newark):
Kai bakin zai zo ya same ka, in ka san lokaci. Duba jadawalin cika da janyewar ruwa. Bayan ruwan sama, lokacin janyewa shi ke kwaso dattin koguna da magudanan gari ya fito da shi. Lokacin cikowa kuma ruwan waje mai ɗan tsabta ke turowa ciki. Je ka tsaya awa biyun ƙarshe na cikowa, za ka ga kalar tana sauyawa a gabanka. Iska ma haka. A gaɓar New Jersey iskar arewa maso gabas ita ke dama mana ruwa, in ta juya ta koma yamma, kwana ɗaya ko biyu ruwan ya kwanta ya washe. Ranar da ya fara washewa, bai gama ba, ranar nake neman izini a wurin aiki.

Mamman Damagaram (Dallas):
Gaisuwa ga Baba da Alhaji. Lake Texoma, kan iyakar Teksas da Oklahoma, koguna biyu ke ciyar da shi, Red River da Washita, duka biyun masu ɗauko jar laka ne. Yana cikin tafkuna ƙalilan da sitiraifa ke hayayyafa da kansa ba sai an zuba ba. Abin da zan ƙara shi ne ƙarfe. Muna da wani gutsuren dalma mai faɗi da ake saukewa ƙasa a ɗaga a sake, yana faɗuwa yana jujjuyawa. In ruwa ya yi haske kuma akwai rana, mai ƙyalli kamar azurfa ya fi, domin walƙiyarsa na kai nesa. In ruwa ya rine, azurfa ba ta da abin da za ta haska, sai mu koma fentin fari ko shatrus, wasu su sa ruwan zinariya. Kuma tsuntsaye ba ruwansu da laka. Inda ka ga suna faɗawa ruwa, je can.

Alhaji Tanko (Bronx):
Mamman, ku da ake bar muku goma a rana ai ba ku da bakin magana. Mu ɗaya tak.

Mamman Damagaram (Dallas):
Alhaji ka sauko Dallas mana, ɗaki na nan.

Sadik (Providence):
Akwai abin da ba a taɓo ba. Duk wannan wahalar ta ruwa mai tsabta, dare yana maganinta. Kifin da ya raina ka da azahar, ƙarfe biyun dare shi zai zo har ƙafarka. Kuma a daren da babu wata baƙar roba nake sawa, ko baƙi da shunayya.

Nura (Bronx):
Baƙi a cikin duhu? Yaya Sadik wasa kake.

Sadik (Providence):
Ba wasa. Shi daga ƙasa yake kallon sama. Komai duhun dare sama ta fi ruwa haske, balle ku da fitilun Niyok ke haska gajimare. Baƙin abu shi ke fitar da siffa sosai a kan wannan hasken. In wata ya cika kuma sai in koma fari ko kalar ƙashi. Haka ma a laka, baƙi yana aiki, don dai mutane ba sa yarda su gwada ne.

Injiniya Bashir (Newark):
Rabin farko na yarda. Rabin na biyu, na "wata ya cika sai fari", na sha ganin an karya shi. Akwai wanda rawaya kawai yake jefawa dare da rana kuma yana kamu. Abin da ya sa nake cewa kala ce ta ƙarshe a layi ke nan: wuri, lokaci, zurfi, gudu, girma, sannan ita.

Ku dubi manyan kifayen tarihi ma. Na Albert McReynolds, laba 78 da oza 8, a Atlantic City cikin Satumbar 1982, da dare aka kama shi, ana tsakiyar hadari, daga kan duwatsu, da filogin Rebel ɗan ƙarami. Wanda ya karya shi a 2011, Greg Myerson, laba 81 da oza 14, kusan kilo 37, a ruwan Connecticut, shi ma da duhu, da kifin il mai rai, dogon nan mai kama da maciji. Mutumin nan har dalma mai kwaramniya yake sayarwa, don ya yi imani da kiran kifi da sauti. Ba ɗayansu da ya dogara da kifin ya tsaya ya ƙare wa kala kallo.

Baba Yawuri (Baltimore):
Amma a raba, Injiniya, kada yara su ji "hadari" su ɗauka kowane hargitsi alheri ne. Farin kumfa daban, jan ruwa daban. In igiya na dukan dutse tana yin kumfa fari fat amma ruwan da ke ƙarƙashi kore ne, wannan biki ne, ƙananan kifi sun rikice, manya sun shigo ci, jefa farin bokteil cikin kumfar ka riƙe sanda da kyau. In kuwa hadarin ya kwana biyu har yashi ya tashi ruwan ya zama ja, ga ciyawa kowace jifa, to an tashi daga bikin. Kuma kowa ya ji ni, ba a hawa jiƙaƙƙen dutse da takalmin gida, ba a kuma zuwa shi kaɗai da dare. Kifi bai kai rai ba.

Alhaji Tanko (Bronx):
Ciyawar nan ita ce ta fi ba ni haushi. Ko nama ka sa, minti biyu ta naɗe zaren ta ja dalmar.

Baba Yawuri (Baltimore):
In ciyawa ta yi yawa ajiye duk abin da ke da ƙugiya mai baki uku. Bokteil ƙugiyarsa ɗaya ce kuma sama take kallo, ya fi ratsawa. Ka ƙara masa jelar roba mai lanƙwasa, ja ko fara, don ya ƙara motsi ya kuma rage saurin nutsewa. Nauyinsa kuma ka zaɓa yadda zai riƙa shafar ƙasa jefi-jefi ba ya garzaya ba. A laka kifin ƙasa yake manne wa, ko jikin wani abu, dutse ko ginshiƙi. Sai ka kai masa har ƙofa. Jifa goma a wuri ɗaya ba ɓata lokaci ba ne a irin wannan ruwa, alhali a ruwan Sadik jifa ta biyu ma ta yi yawa.

Sadik (Providence):
Wani abu kuma da ke zuwa ƙarshen zafi, wajen Agusta: daren da ruwa ke wuta. Wasu ƙananan halittu ne, in an motsa su sai su yi haske. Ka jefa roba ka ga ta taho kamar tauraruwa mai wutsiya, zaren ma duk ya haska, har ƙullin. Kyau gare shi a ido amma kamu yana wuya. Dabarar da na sani ita ce tafiyar hawainiya, da siririn abu da ba ya tura ruwa, ko ka koma inda fitilar gada ta kashe hasken.

Maman Iman (Atlanta):
Ikon Allah. Wannan ban taɓa gani ba. Amma ina da tambaya ga mutanen Niyok, ta kicin ce. Wanda aka kama a irin ruwan da Nura ya kwatanta, bayan ruwan sama, ana ci?

Injiniya Bashir (Newark):
Laka ita kaɗai ba ta ɓata nama. Abin dubawa shi ne wurin. Kogin Hudson da ruwayen da ke kewaye da birnin suna da tarihin gubar masana'antu da ake kira PCB, wadda ke taruwa a kitsen kifi, kuma hukumar lafiya ta jihar tana fitar da shawara wuri-wuri kan wanda zai ci da sau nawa. Ta fi tsanantawa kan yara da matan da ke shekarun haihuwa. A duba ta kafin a kai gida. In za a ci, a cire fata da kitsen ciki da jan naman nan na gefe, a gasa yadda mai zai ɗige. Sannan bayan ruwa mai yawa magudanan birni kan yi ambaliya cikin kogi, don haka mai ciwo a hannu ya kula, a wanke hannu da kyau.

Alhaji Tanko (Bronx):
Kuma a auna kafin a sa a buhu. A ruwan gishiri tun 2023 daga inci 28 zuwa 31 ne kawai, guda ɗaya a rana. Ɗan tsakanin nan inci uku ne, yawancin abin da za ka kama komawa zai yi. Rajistar kamun teku ta jihar Niyok kyauta ce, Nura, kada ka bari a tare ka babu ita.

Baba Yawuri (Baltimore):
Namu na cikin Chesapeake awon daban ne, 19 zuwa 24 aka sa a 2024, kuma kusan kowace shekara sai an taɓa dokar, don haka kowa ya duba ta jiharsa kafin ya fita. Masu ƙorafi su tambayi tsofaffin Maryland abin da ya faru a 1985, da aka rufe kamun gaba ɗaya sai 1990 aka buɗe. Tunda yawanci sakewa za a yi, filogin nan masu ƙugiya uku-uku ku danne musu ƙayar da filaya, ko ku cire ta baya ku sa guda. Masu ƙididdiga suna lissafin tara cikin ɗari na waɗanda aka saka suna mutuwa, kuma da zafi abin ya fi muni. A cire ƙugiya yana cikin ruwa in da hali.

Nura (Bronx):
Na gode ƙwarai iyayena. Robar mai faffaɗar wutsiya, kan dalma nawa zan sa mata? Wurin bai fi ƙafa shida zuwa takwas ba, ruwan kuma ba ya gudu sosai.

Injiniya Bashir (Newark):
Fara da rabin oza. In ba ka jin ƙasa ko sau ɗaya a jifa, hau zuwa uku bisa huɗu. In kana kwaso gansakuka kowane lokaci, sauko. Sayi fara biyu, shatrus biyu, baƙa ɗaya don Sadik ya bar mu mu huta.

Sadik (Providence):
Baƙa biyu.

Alhaji Tanko (Bronx):
Ni dai Asabar bayan Asuba ina da wuri ɗaya a mota, kuma zan biya in ɗauki bonka. Nura, in za ka zo ka zo da wuƙarka, tawa ta dakushe.